Sarki da Talakawa a Kan Kujera Ɗaya: Tarihin Tsarin Mulkin Liechtenstein

Duk wanda ya shiga Vaduz, babban birnin ƙasar Liechtenstein, gini biyu ne za su fara ɗaukar hankalinsa. A bisa dutse akwai tsohuwar fadar sarki, a gindin dutsen kuma akwai ginin majalisar dokoki, wadda mutanen ƙasar suke kira Landtag, mai kujeru 25. Ƙasar tana tsakiyar Turai, a maƙale tsakanin Suwis da Ostiriya. Faɗinta murabba'in kilomita 160 ne, tsawonta daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 25, mutanenta kuwa wajen dubu 40.

Littattafan makaranta sun saba raba mulkin sarauta gida biyu. Akwai sarautar da sarki ke da wuƙa da nama, akwai kuma irin ta Ingila ko Beljiyam, inda sarki ya riƙe rawani kawai, mulki yana hannun zaɓaɓɓu. Liechtenstein ba ta shiga ko ɗaya daga cikin gidajen nan biyu ba. Kundin tsarin mulkinta ya ce ikon ƙasa yana wuri biyu a lokaci ɗaya: yana ga sarki, yana kuma ga talakawa. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Tarihin wannan ƙasa ya nuna abin da kan faru idan sarkin yawa da kansa ya jefa ƙuri'a ya ƙara wa sarkin ƙarfi ƙarfi, ya kuma nuna halin da majalisar da aka zaɓa kan shiga tsakanin su biyun.

Ƙasar da aka saya da kuɗi

Galibi gidan sarauta ne ke ɗaukar sunan ƙasa. A nan ƙasar ce ta ɗauki sunan gidan. Zuriyar Liechtenstein manyan fadawa ne na babban sarkin Daular Rum Mai Tsarki, wadda ta haɗa ƙasashen Jamusawa, kuma sunansu ya samo asali daga wata fada da ke kusa da birnin Viyana. Suna da gonaki da garuruwa masu yawa a Ostiriya da Morabiya, amma duk da arzikinsu ba su da kujera a majalisar sarakunan daula, domin ba a ba da kujerar sai ga wanda ya mallaki ƙasar da babu wani ubangida tsakaninta da babban sarki.

A gefen kogin Rhin akwai irin waɗannan yankuna guda biyu, waɗanda bashi ya yi wa masu su katutu. Johann Adam Andreas na gidan Liechtenstein ya sayi Schellenberg a shekara ta 1699 a kan gulden dubu 115, ya sayi Vaduz a 1712 a kan gulden dubu 290. A 1719 babban sarki Karl na Shida ya haɗe yankunan biyu ya mai da su masarauta ɗaya. Kujerar majalisa ake nema, saboda haka masu ƙasar ba su damu da ganinta ba. Daga Viyana suke aiko da wakilai, kuma sai a 1842 ne wani sarki mai ci, Alois na Biyu, ya taka ƙafarsa a cikinta.

Mazauna wurin manoma ne da makiyaya matalauta, amma suna da tsohuwar al'adar zaɓen shugabannin yankunansu biyu. Waɗannan yankuna su ne har yau mazaɓun ƙasar: Oberland mai kujeru 15 da Unterland mai kujeru 10. A 1806 Napoliyon ya shigar da masarautar cikin ƙawancen ƙasashen Rhin, daular ta rushe, Liechtenstein ta wayi gari ƙasa mai cin gashin kanta. Talaka bai amfana da wannan ƴanci nan take ba, domin bayan shekara biyu fada ta soke tsofaffin muƙaman da ake zaɓa, mulki ya koma kacokan hannun wakilin sarki.

Yadda majalisa ta samu baki

A 1818 sarki Johann na Ɗaya ya ba ƙasar tsarin mulki na farko. Majalisar da ya kafa ta limaman coci ce da shugabannin ƙauyuka, tana zama sau ɗaya a shekara, aikinta kuma ta saurari adadin harajin da fada ke so ta amince. Da guguwar juyin juya hali ta 1848 ta ratsa Turai, mutanen Liechtenstein ma suka ɗaga murya. Jagoransu malamin makaranta ne kuma masanin tarihi, Peter Kaiser, wanda suka tura ya wakilce su a majalisar Jamusawa ta Frankfurt. Fada ta sassauta na ɗan lokaci, amma da ƙura ta lafa sai ta janye sassaucin a 1852.

Majalisar dokoki ta gaskiya ta samu ne a 1862, zamanin Johann na Biyu, wanda ya yi shekara 70 a kan gado, daga 1858 zuwa 1929. Tana da kujeru 15: ana zaɓen 12 ta hanyar wakilan masu zaɓe, sarki yana naɗa 3. Daga nan ba a yin doka ko a ɗora haraji sai da yardarta. Sai dai gwamnati tana hannun wani babban ma'aikaci da sarki ke aikowa daga Ostiriya, wanda ba ya amsa tambayar kowa sai ta ubangidansa. A 1868 aka sallami rundunar sojan ƙasar, wadda ba ta wuce mutum 80 ba, kuma tun daga lokacin ba a sake kafa wata ba. Wannan na da muhimmanci ga abin da zai biyo baya: a duk rigingimun da aka yi kan mulki, babu ɓangaren da ke da bindigar da zai raba gardama da ita.

Yarjejeniyar 1921

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya karya daular Ostiriya, wadda Liechtenstein ta jingina da ita wajen kuɗi da kasuwanci tun 1852. Kuɗin Ostiriya ya zama takarda, ajiyar mutane ta narke, yunwa ta shigo. A 1918 aka kafa jam'iyyu biyu na farko. Ɗaya daga cikinsu, ta lauya Wilhelm Beck, ta samu ƙarfi a wurin leburorin da ke zuwa cin rani Suwis, waɗanda suka ga yadda talaka ke yanke hukunci da ƙuri'arsa a can. Kiransu shi ne a bar wa ƴan ƙasa mulkin ƙasarsu. A Nuwamban 1918 suka matsa wa wakilin sarki ya sauka. A Satumban 1920 aka zauna a fadar Vaduz tsakanin mutanen sarki da na Beck, aka cim ma matsaya, wadda ta haifi kundin tsarin mulki na 5 ga Oktoba 1921, wanda har yau shi ne ke aiki.

A shekarun da gadajen sarauta ke faɗuwa a Jamus da Ostiriya da Rasha, Johann na Biyu ya tsira da nasa ta hanyar raba iko. Kundin ya bayyana ƙasar a matsayin masarautar gado mai bin tsarin mulki, wadda ta tsaya a kan dimokuraɗiyya da majalisa. Talakawa ne ke zaɓen dukan ƴan majalisa. Majalisa ce ke gabatar da sunayen ƴan gwamnati, sarki ya naɗa su, kuma dole shugaban gwamnati ya kasance ɗan ƙasa. An kafa kotun tsarin mulki. An kuma aro daga Suwis ikon talakawa na gabatar da doka da kansu da na neman ƙuri'ar raba gardama. A yau sa hannun mutum 1000 ya isa a kan doka, 1500 a kan gyaran kundi. Shi kuwa sarki ya riƙe ikon kira da rufe majalisa da rushe ta, ya riƙe ikon dokar ta-ɓaci, ya kuma riƙe mafi girmansu: babu dokar da za ta fara aiki sai da sa hannunsa. A 1923 aka ƙulla yarjejeniyar duwan da Suwis, a 1924 kuma faran na Suwis ya zama kuɗin ƙasa.

Abin da kundin bai fayyace ba shi ne wanda maganarsa za ta zama ta ƙarshe idan masu iko biyun suka saɓa. Muddin sarki yana zaune a nesa, tambayar ba ta taso ba.

Sarki ya tare a gida

A Maris na 1938 Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya, sojojinta suka iso bakin iyakar Liechtenstein. A wannan shekara Franz Josef na Biyu ya hau gado, ya zama sarki na farko da ya tare a Vaduz. Jam'iyyu biyun da ke gaba da juna suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa, haɗin da ya ɗore har 1997. A Maris na 1939 ƴan ƙasar masu ra'ayin Nazi suka yi yunƙurin juyin mulki domin su miƙa ta ga Jamus, amma bai yi nasara ba. Ga mutanen wannan zamani, sarauta ita ce hujjar da ta raba su da Jamus da kuma Suwis, ita ce dalilin kasancewarsu ƙasa. Ƙaunar da ake yi wa gidan sarauta a yau tana da saiwa a waɗannan shekaru.

Bayan 1945 Cekoslobakiya ta ƙwace filayen gidan da ke Morabiya, waɗanda suka ninka Liechtenstein kanta girma. Sai makomar gidan ta ɗauru da ƙaramar ƙasar da kakanninsu suka saya ba su gani ba. Cikin ƴan shekaru ƙasar manoman ta koma ta masana'antu da bankuna, har ya kai yawan guraben aiki ya zarce yawan mazaunanta, fiye da rabin ma'aikata suna shigowa kullum daga ƙasashen maƙwabta. Gidan sarauta ma ya farfaɗo da arzikinsa, musamman ta bankinsa na LGT, kuma sarki ba ya karɓar albashi daga baitulmali.

Franz Josef mutum ne mai kawaici, amma a 1961 ya ƙi sa hannu a kan wata dokar farauta da talakawa suka amince da ita a ƙuri'a, dokar kuwa ta mutu. Ikon talakawa ma ba kullum yake tafiya da adalci ba. Maza masu zaɓe sun ƙi ba mata ƴancin jefa ƙuri'a a 1971, suka sake ƙi a 1973. Sai ranar 1 ga Yuli 1984 suka yarda, da ƙuri'a 2370 a kan 2251. Liechtenstein ce ta ƙarshe a Turai wajen ba mata wannan haƙƙi a zaɓen ƙasa.

Shekaru goma na ja-in-ja

Hans-Adam na Biyu, wanda ya karɓi ragamar aiki daga mahaifinsa a 1984 ya kuma hau gado a 1989, masanin tattalin arziki ne mai faɗin ra'ayinsa ba tare da rufa-rufa ba. Shi ya matsa har ƙasar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990. A 1992 aka zo batun shiga kasuwar bai ɗaya ta Yankin Tattalin Arzikin Turai. Sarki yana son a yi ƙuri'ar raba gardama kafin ta Suwis, gwamnatin Hans Brunhart da majalisa suna son a yi bayanta. Sarki ya yi barazanar rushe majalisa da sallamar gwamnati. Ranar 28 ga Oktoba mutum wajen 2000 suka taru gaban ginin gwamnati, wasu suka yi masa ihu, abin da ba a saba gani ba. An sasanta a ranar: za a yi ƙuri'ar bayan ta Suwis, amma gwamnati za ta goyi bayan shiga ko da Suwis ta ƙi. Suwis ta ƙi ranar 6 ga Disamba, Liechtenstein ta amince bayan mako ɗaya. A 1993 majalisa ta kaɗa wa firaminista Markus Büchel ƙuri'ar yanke ƙauna, sarki kuwa, maimakon ya sauke shi nan take, sai ya rushe majalisar aka sake zaɓe.

Sannan aka zo shari'ar Herbert Wille, shugaban kotun da ke duba ayyukan hukuma. A wata lacca da ya gabatar a Fabrairun 1995, ya ce idan sarki da majalisa suka saɓa a kan ma'anar kundi, kotun tsarin mulki ce ke da hurumin raba su. Sarki ya rubuta masa wasiƙa cewa ba zai ƙara naɗa shi wani muƙami ba. A 1997 majalisa ta sake gabatar da sunansa, sarki ya ƙi. Wille ya kai ƙara Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg, wadda ta yanke a 1999 cewa an tauye masa ƴancin faɗin albarkacin baki. Ya ci shari'a, amma tambayar da ya tayar ba kotu ce ta amsa ta ba.

Fada ta kawo nata gyaran kundin. Da aka ga ba zai samu kashi uku cikin huɗu na majalisa da doka ta shar'anta ba, sai sarki da ɗansa Alois suka bi hanyar da aka tanadar wa talaka: suka gabatar da shi a matsayinsu na ƴan ƙasa, aka tara sa hannu fiye da 6000. Hans-Adam ya faɗa a fili cewa idan aka ƙi, shi da iyalinsa za su koma Viyana. Kwamitin Venise, wato masana dokokin tsarin mulki na ƙasashen Turai, ya yi gargaɗi a Disamban 2002 cewa gyaran koma baya ne ga dimokuraɗiyya. Ranar 16 ga Maris 2003, kusan kashi 88 cikin 100 na masu zaɓe suka fito, kashi 64 suka goyi bayan sarki. Wani daftari na masu son rage ikon fada bai samu ko kashi 17 ba.

Abin da kowa ya samu

Sabon tsarin ya ba sarki ikon sallamar gwamnati idan ya daina amincewa da ita, ko da majalisa tana bayanta. Dokar da bai sa wa hannu ba cikin wata shida ta faɗi ke nan. Shi ke shugabantar kwamitin da ke tace sunayen alƙalai, kuma ba a gabatar wa majalisa suna sai da yardarsa, ko da yake idan aka kasa daidaitawa talakawa ne ke zaɓa. An kuma soke ayar da Wille ya dogara da ita. A gefe guda, an taƙaita dokar ta-ɓaci ga wata shida.

Talakawa ma sun samu abubuwan da babu irinsu a sauran masarautun Turai. Mutum 1500 suna iya neman a kaɗa wa sarki ƙuri'ar yanke ƙauna, sai dai ko ta yi nasara, mazan gidan sarauta ne ke yanke hukuncin ƙarshe bisa dokar gidansu. Kowace ɗaya daga cikin gundumomi 11 tana da haƙƙin neman ɓallewa daga ƙasa. Mafi girma, mutum 1500 suna iya buɗe hanyar soke sarautar baki ɗaya a kafa jamhuriya, kuma a wannan batu kaɗai sarki ba ya da ikon hawa kujerar na-ƙi.

Idan aka auna, an ba talakawa gatarin sare itace daga tushe, amma ba a ba su laujen rage reshe ba. Mai son sarauta wanda ba ya son wani hukunci ɗaya na sarki ba ya da wata hanya ta tsaka-tsaki. Majalisa kuwa ta samu kanta tsakanin iko biyu: talakawa suna iya rushe dokarta da ƙuri'a, sarki yana iya kashe ta da shiru, gwamnatin da ta gabatar kuma tana bukatar yardar ɓangare biyu kafin ta zauna.

Gwajin da ya biyo baya

Ranar 15 ga Agusta 2004 Hans-Adam ya miƙa ayyukan yau da kullum ga Yarima Alois, shi kuma ya ci gaba da riƙe sarauta. Gwaji na farko ya zo a 2011, lokacin da wasu suka gabatar da dokar halatta zubar da ciki a makonni 12 na farko. Tun kafin ranar ƙuri'a Alois ya sanar cewa ba zai sa hannu ba ko da an amince. Kashi 52 suka ƙi dokar, masu goyon bayanta kuma suka ce sanarwar ta sa mutane da yawa sun ga fitowa ba ta da amfani. Daga nan aka gabatar da gyaran da zai hana sarki soke abin da talakawa suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama. Alois ya ce idan aka yi haka gidan sarauta zai janye daga harkar mulki. Ranar 1 ga Yuli 2012 kashi 76 suka ƙi gyaran. A Fabrairun 2024 kuma kusan kashi biyu cikin uku suka ƙi shawarar talakawa su riƙa zaɓen gwamnati kai tsaye.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujjojinsu. A ƙasar da masu zaɓe ba su wuce dubu 20 da ɗoriya ba, inda ɗan majalisa da ɗan kasuwa da alƙali duk dangi ne ko maƙwabta, suna ganin ana bukatar wani wanda ba ya neman ƙuri'a kuma ba ya neman kwangila, mai tunanin jikoki maimakon zaɓe mai zuwa. Suna kuma cewa ikon da talakawa suka tabbatar da ƙuri'a sau biyu, wanda suna iya soke shi idan sun ga dama, ba za a kira shi danniya ba. Masu suka suna amsawa cewa kujerar na-ƙi ba sai an hau ta take aiki ba, domin ministoci da ƴan majalisa sukan auna ra'ayin fada tun kafin su rubuta doka. Suna ƙara da cewa a 2003 da 2012 tambayar da ke kan takarda daban ce da wadda ke zukatan mutane: a takarda ana tambaya kan iyakar iko, a zuciya kuwa ana tambaya ko gidan sarauta zai zauna ko zai tafi.

Darasin da masu koyar da tarihi da tarbiyyar ɗan ƙasa za su iya ɗauka daga wannan ƙaramar ƙasa shi ne ƙuri'ar raba gardama tana halatta iko, amma ba ta yi masa iyaka. Iyakar takan fito ne daga majalisa da kotu, kuma su biyun ne suka yi asara a 2003. Cewa tsarin ya tafi lafiya ya dogara a kan abubuwan da ba a rubuta cikin kundi ba: yalwar arziki, rashin soja, kotun Strasbourg da ɗan ƙasa ke iya kai kuka gare ta, da kuma kawaicin masu riƙe da fada, waɗanda ba safai suke amfani da dukan ikon da ke hannunsu ba.

A Afrilun 2025, shekara 41 bayan maza sun yarda mata su yi zaɓe da ratar ƙuri'a 119, majalisa ta gabatar da sunan Brigitte Haas, ta zama mace ta farko da ta shugabanci gwamnatin Liechtenstein. Yarima Alois ne ya naɗa ta, kuma bisa kundin da aka gyara a 2003 yana da ikon sauke ta, kamar yadda majalisar ma take da shi. Gadon sarautar kansa, bisa dokar gida ta 1993, na maza ne kawai, kuma wannan doka ba majalisa ce ke gyara ta ba.